Laftof ɗina tana ɗaukewa ina tsakiyar aiki, an yi mata fomatin sau biyu ba ta daina ba

Mai Shagon Takardu, Taura:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu sanin kan kwamfuta, don Allah ku ba ni aron hankalinku, abin nan ya kai ni bango.

Ina da ɗan shagon buga takardu a wani gari da ke kan hanyar Taura zuwa Gujungu. Tambayoyin jarrabawa na malaman makaranta, katin ɗaurin aure, takardar jinginar gona, wasiƙar neman aiki, duk abin da aka kawo ina bugawa. Laftof ɗaya ce da ni, ita ce jarin, ita ce shagon. Ta hannu ce, shekara uku ke nan da na sayo ta a Kano: Core i5 ƙarni na shida, ram 8, Windows 10. Tun da na saye ta ban taɓa kai ta wurin mai gyara ba sai bana.

Wajen farkon watan Maris ta fara. Ina cikin aiki sai ta ɗauke. Ba sandarewa take yi ba, ba ta nuna shuɗin allon nan mai rubutu, ba ta ma cewa za ta rufe. Ɗif kawai, kamar an hure fitila. Da fari sau ɗaya a mako ne, yanzu akwai ranar da ta yi mini sau huɗu. Yawanci tsakanin azahar da la'asar take yi. Kafin ta mutu fankarta tana gurnani kamar injin markaɗe, ta yi nauyi, in danna harafi sai ya ga dama ya fito, gefen hagunta kuwa ba ka iya barin hannunka a kai. In na kunna nan take, wani lokaci ta tashi ta sake mutuwa kafin ta shiga Windows, sai na bar ta ta huta kamar minti goma. Amma kada in ɓoye muku, ta taɓa ɗaukewa da daddare, ta taɓa yi da sanyin safiya, jikinta ba zafi. Wannan ne ya ɗaure mini kai.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne, ranar kasuwar Gujungu da ta wuce sakataren ƙungiyar manoman shinkafa na garinmu ya kawo mini sunaye 214 a littafin 'yan makaranta, kowa da lambar wayarsa da girman gonarsa, rubutun kuwa sai ka yi da gaske kake gane shi. Na kai kan mutum na 170 ta ɗauke. Da ta dawo, Word ya maido mini zuwa na 148, sauran sun bi ruwa. Na sake kamawa, ban yi nisa ba ta sake. Dattijon yana zaune a benci yana kallona, bai ce uffan ba, motar da zai bi tana ta yi masa oda a bakin titi. Wallahi gara a ce ya zage ni.

Ga abin da na yi zuwa yanzu. Na kai wa wani yaro mai gyaran waya, ya ce bairos ne, ya yi mata fomatin, wato ya goge komai ya sake ɗora Windows. Kwana biyu ta koma. Na mayar masa ya sake yi, wannan karon har da zanen katunan biki da na tara shekara uku suka tafi, don ban kwafe su ba. Na sayi wata caja, babu canji. Saboda ƙura, na ninka tsohuwar darduma na shimfiɗa a kan tebur ina ɗora ta a kai, in na tashi in rufe ta da kyalle.

Batun wuta: shagon rufin kwano ne, babu silin. Wutar gari mu da ita sai labari. Ina da faifan sola biyu, batir ɗaya mai bolt 12, da inbata 1kVA. In rana ta faɗi batirin ya yi sanyi sai in tayar da ɗan ƙaramin janareta. Laftof ɗin kullum a jone take, batirinta yana nuna 100%.

Yanzu wani ya ce mini bod ne ya tafi, wato babban faifan cikinta da komai ke haɗe a kai, in rabu da ita in sayi wata. Kuɗin wata kuwa sai na sayar da ragon da nake turke da shi. Kafin in kwance ragon nan, akwai abin da zan gwada?

Ɗalibi daga Wudil:

Wa alaikumus salam. Oga, ni a ganina bairos ɗin ne yake dawowa ta filashin mutane, tunda shagonku kowa da nasa yake zuwa. Ka sa antibairos mai ƙarfi, kowane filashi ka bincike shi kafin ka buɗe. Ko kuma ka ɗora mata Windows 11 gaba ɗaya, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Wani abokina a makaranta tasa tana yin haka, da ya canza Windows ta daina.

Ɗan Dambatta Mai Gyara:

Malam, kada ka kwance ragon nan tukuna. Kuma don Allah kada a sake yi mata fomatin, ba ta ci ba ba ta sha ba.

Ƙanena na Wudil, binciken filashi shawara ce mai kyau, amma ba ciwon da ke damun ta ke nan ba. Karanta abin da ya rubuta: tana mutuwa tun kafin ta shiga Windows. A wannan lokacin bairos bai ma farka daga barci ba. Windows 11 kuma a hukumance daga ƙarni na takwas na Intel take farawa, tasa ta shida ce. Ko an yi dabara an cusa mata, zafin yana nan inda yake.

Malam, abin da ka siffanta na tsakanin azahar da la'asar zafi ne, ba ni da shakka. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, irin naka iyakarsa digiri 100 ne. In ya doshi wurin sai ya rage gudu da kansa don ya huce, shi ne nauyin da kake ji da harafin da ke jinkiri. In rage gudun bai wadatar ba, kwamfutar ta yanke wuta don kada ta ƙone. Wato ceton kanta take yi. Kamfanoni da yawa digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da laftof, mu kuwa a watan Afrilu waje ma yana haura 40, balle ƙarƙashin kwano ba silin. Ga ƙurar hunturu uku a cikinta ba a taɓa buɗewa ba. Sannan ka zo ka ɗora ta a kan darduma. Ta ƙasa take shaƙar iska, ta fesar ta gefe. Da kyakkyawar niyya ka toshe mata hanci. Yau ɗin nan ka cire dardumar, ka sa mata murfin gora biyu ko 'yan katako a ƙarƙashin bayanta, iska ta samu hanya.

Amma gani ya kori ji. Ka sauko da Core Temp ko HWMonitor, manhajojin da ke nuna zafin firosesa, kyauta ne, ƙanana ne, ba za su cinye maka data ba. Ka buɗe ka bar shi a gefe kana aikinka. Mai buga rubutu a Word kawai bai kamata ya riƙa ganin digiri 90 ba. In kana ganin 90 da ɗoriya, magana ta ƙare. Wani gwajin da ba ya bukatar komai: kana kunna ta ka shiga BIOS, wato shafin saiti da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka bar ta a nan rabin awa da tsakar rana. In ta mutu a can, ka wanke Windows daga zargi. In HP ce, Esc sannan F2 zai kai ka wurin gwajin kayan cikinta, kuma takan nuna 90D in zafi ne ya kashe ta, 90B in fanka ce ba ta juyawa daidai. In Dell ce, F12 sannan Diagnostics.

Kana iya leƙa Event Viewer ma, inda Windows ke rubuta abin da ya faru da kwamfutar, ka shiga Windows Logs, ka shiga System, ka dubi daidai lokacin da ta mutu. Za ka ga Kernel-Power mai lamba 41. Kada ya tsorata ka, kuma kada wani ya ce maka shi ne cutar. Abin da yake faɗi kawai shi ne an ɗauke ba sallama, ba ya faɗin dalili. In ka ga 86, wannan ya fito fili ya ce zafi ne. In 1074 ne, to wata manhaja ce ko mutum ya ba da umarnin a rufe, wannan wata magana ce daban.

Gyaran kuwa buɗe ta za a yi. In hannunka ya saba da sukundireba kana iya yi, in bai saba ba ka zauna a gaban mai gyara ya yi kana gani. A zare caja, a cire murfin ƙasa, abu na farko a zare wayar batirin da ke ciki kafin a taɓa komai, sannan a danne madannin kunnawa kamar daƙiƙa 15. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin a kwance wani abu. Ƙurar da ke kashe laftof ba wadda ake gani daga waje ba ce. Tana can tsakanin fanka da 'yan siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, ta dunƙule ta zama kamar audugar katifa. Sai an ɗaga fankar ake ganin ta. Tsohon burushin haƙori busasshe ya isa. In za a hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza. Kuma kada ka kai wa mai faci ya hura mata da injinsa, iskarsa tana zuwa da ruwa da mai, ga ƙarfi ya yi yawa. Na ga wadda aka kawo mini fukafukan fankarta biyu sun karye ta haka.

Tunda an buɗe, a canza man da ke tsakanin firosesa da bututun jan ƙarfe, wanda muke kira tamal fes. In ya shekara da yawa bushewa yake yi ya zama kamar busasshen kwaɓin siminti. A goge tsohon da sifirit da kyalle mai tsabta, a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa, ba a lafta ba. Sukurorin wurin suna da lamba 1, 2, 3, 4, a bi su a jere ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan. Wanda ya ce maka man goge baki yana yi, ka karɓi kwamfutarka ka tafi.

Kafin ka samu zuwa, ka shiga Power Options, cikin Processor power management, ka mai da Maximum processor state 99%. A yawancin irinta wannan yana hana firosesa yin tsallen gudun da ke ƙara masa zafi, kai kuma mai buga rubutu ba za ka ji bambanci ba.

Na daddare da na safiya kuwa ban yarda zafi ne ba. A fara da wannan, mu ga abin da zai rage.

Malamar Firamare, Birnin Kudu:

Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Katunan nan da suka tafi su suka fi ba ni tausayi, na san wahalar tara irinsu.

Ni ba mai gyara ba ce, abin da ya same ni zan faɗa. Tawa da nake haɗa sakamakon ɗalibai da ita haka ta riƙa yi mini bara. Tana nuna 100%, in na zare caja ta yi kamar minti goma sha biyar lafiya lau, ta sauko 60 da wani abu, sai ɗif. Ni ina ganin ai batir da sauransa, ashe lambar ƙarya take yi mini. Ɗan yayata ne ya nuna mini yadda ake kama ta. Ka buɗe Command Prompt, baƙin allon nan na Windows da ake rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai gaya maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi. Layi biyu za ka nema: Design capacity, wato abin da batirin yake ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, abin da yake iya ɗauka yau. Nawa ko kashi ɗaya cikin biyar bai kai ba. Ashe 100% ɗin cikar ɗan moɗa ne, ba cikar randa ba.

Ka ce taka kullum a jone take, to ta yaya za ka san halin da batirinta yake ciki? Ka ajiye aikinka, ka zare cajar tana kunne, ka buɗe abubuwa uku ko huɗu a lokaci ɗaya ka gani.

Ka kuma shafa wurin da ake jan yatsa a gaban madannai. In ya ɗago, ko ya yi tauri ba ya dannuwa, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ne ya kumbura. Wannan kada a yi wasa da shi, yana iya kamawa da wuta, a cire shi kawai.

Sai batun sunayen manoma. Word duk minti 10 yake adana abin da zai maido in an ɗauke, haka yake zuwa. Ka shiga File, Options, Save, ka mai da shi minti 1. Ni yanzu yatsana ya saba, duk layi biyar sai na danna Ctrl da S, ko a wayar hannu nake rubutu sai in ji yatsan yana nema. Kuma ka ware filashi ɗaya wanda ba ya shiga kwamfutar kowa, duk Juma'a ka kwafe kayanka a ciki.

Mai Shagon Takardu, Taura:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na dawo da rahoto.

Na sa Core Temp kamar yadda Oga na Dambatta ya ce. Da safe tana wajen 70, kafin azahar ta kai 88, wajen ƙarfe uku na ga 97 da idona, ban gama mamaki ba ta ɗauke. Da na cire dardumar na ɗaga bayanta ta sauko kaɗan, amma ba sosai ba. Ranar Laraba na rufe shago na shiga Ringim wurin wani mai gyaran kwamfuta, ba yaron farko ba. Na karanta masa abin da ka rubuta daga wayata, ya yi dariya ya ce wanda ya rubuta wannan ɗan hannu ne. Da ya ɗaga fankar, abin da ya zaro sai da na ce a'uzubillahi. Dunƙulen ƙura ne mai tsawon ɗan yatsa, ya toshe mafitar iskar ruf, har da fiffiken kyankyaso a ciki. Man firosesan kuwa da farce ya ɓanɓare shi. Ya goge ya sa sabo ina tsaye.

Yanzu ko da ƙarfe uku na rana ba ta wuce 72, fankar ma sai na kasa kunne nake jin ta. Kwana huɗu ba ta mutu da rana saboda zafi ba.

Malama, kin yi gaskiya. Design capacity 46,000 da 'yan kai, Full charge capacity 6,100. Na zare caja na buɗe Word da CorelDRAW tare, ko minti biyu ba ta yi ba. Bai kumbura ba dai, mai gyaran ya duba. Word kuma na mai da shi minti 1.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Shekaranjiya bayan isha'i ina kan janareta ta ɗauke, Core Temp yana nuna 58. Jiya da safe wajen ƙarfe takwas, a kan inbata, ta sake. Duka biyun caja tana jone, fitilarta tana ci. Na yarda batir ya mutu, amma in caja tana ba ta wuta me ya kai ta mutuwa? Mai gyaran ya girgiza bakin cajar a ramin, ba ya motsi, ba ya yankewa. Na mayar da tsohuwar cajar ma, duka biyun 19.5V da 3.33A aka rubuta. Ko dai maganar bod ɗin ce za ta tabbata?

Baba Mai Sola, Haɗejia:

Ɗana, tun rubutunka na farko nake son in yi maka tambaya ɗaya, na bari masu kwamfuta su gama nasu. Ka lissafa mana faifai da batir da inbata da janareta, ba ka faɗi firintarka ba. Mai hoda ce ko mai tawadar ruwa? Kuma ka tuna da kyau, sau biyun nan da ta mutu ba zafi, ba daidai lokacin da ka tura takarda ta fita ba ne?

In mai hoda ce, kamar yadda nake zato tunda ita masu shago suka fi riƙewa, ga abin da ke faruwa. A cikinta akwai wani abin gashi da ke narkar da hodar ta manne a takarda, shi ya sa takardar ke fitowa da ɗumi. Dutsen guga ne a fakaice. Lokacin da zai ɗau zafi, a 'yan daƙiƙun farko, yana fizgar ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. Cajarka kuwa, 19.5 sau 3.33, wat 65 ke nan, ba ta kai komai ba a kusa da shi.

Yi lissafi da ni. A ce firintar ta nemi wat 600. Daga batir mai bolt 12, amfiya 50 ke nan, ban da abin da inbatar kanta ke ci. Batir ɗaya, wanda ya kwana ana jansa, ƙarfe takwas na safe rana ba ta gama hawa faifai ba, ina zai samo wannan? Sai ƙarfinsa ya faɗi, wutar da inbata ke fitarwa ta nutse na ɗan lokaci. Kuma 1kVA da aka rubuta a jiki ba wat 1000 ba ne, yawanci wajen 800 ne, in an yi gaskiya a rubutun ma ke nan. Ƙaramin janareta shi ma haka, ai kana jin yadda muryarsa ke canzawa in an ɗora masa kaya, kamar jakin da aka ƙara wa mangala.

Cajar laftof tana da haƙuri, duba jikinta za ka ga 100 zuwa 240V. Amma in wuta ta nutse ƙasa da abin da take iya jurewa, sakin hannu take yi, ko da na ƙiftawar ido ne. Laftof mai lafiyayyen batir ba za ta ko sani ba, batirin zai tare. Taka babu mai tarewa. Kafin ka waiga wutar ta dawo, fitilar caja tana ci, kai kuma kana zargin bod.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka zare firintar daga soket gaba ɗaya, ba kashewa kawai ba, ka yi aikin rubutu na yini guda. Sannan ka jona ta, ka ajiye aikinka, ka tura shafi ɗaya, idonka a kan 'yar fitilar caja ta jikin laftof, kunnenka a kan fankar shago da inbata. In fanka ta rage gudu ko inbata ta yi ƙara, ka kama ɓarawonka.

In haka ne, kafin ka sayi batir ka raba musu wuta: firinta a janareta ita kaɗai, laftof a inbata. In dole sai a sola za ka buga, ka tara bugun zuwa tsakar rana lokacin da faifai ke turo wuta sosai. Ka kuma duba kan batirin solar, in ya yi farin gari ko notin ya saki, a wanke a ɗaure. Wayar da ta tashi daga batir zuwa inbata ita ma ta zama mai kauri, gajera. Rabin shagunan da nake zuwa gyara, siririyar waya ce ke cinye musu wuta.

Mai Shagon Takardu, Taura:

Baba, Allah ya ƙara girma. Mai hoda ce. Wallahi da na karanta sai da na dafe kai, domin na tuna na bayan isha'in nan katin walima na tura, katin ya fito, allon ya mutu. Ban taɓa haɗa su ba, ni dai ina ganin firinta tana aikinta.

Jiya na zare firintar tun safe har magariba, laftof ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Yau da safe na jona na tura shafi ɗaya. Inbata ta yi ƙii, fankar tsaye ta yi kamar za ta tsaya, fitilar caja ta ƙifta, laftof ta tafi. Na maimaita don maƙwabcina mai aski ya gani, ta sake tafiya. Kan batirin solar ma na tarar da farin garin da ka ce, na wanke na ɗaure.

Yanzu firinta tana kan janareta, laftof tana kan inbata. Man fetur ne zai ƙaru, amma rago yana nan a turke yana cin harawarsa. Mako mai zuwa zan shiga Kano neman batir. Oga na Dambatta, me zan duba kada a haɗa ni da na banza?

Ɗan Dambatta Mai Gyara:

Baba ya gama magana, ni kaina firintar ba ta zo mini a rai ba.

Ka tafi da laftof ɗin da cajarta, kada ka je da sunan kwamfuta a baki kawai. A jikin tsohon batirin akwai lambar samfurinsa da bolt ɗinsa, sabon ya zama iri ɗaya, bakin wayarsa ma iri ɗaya. A sa shi a gabanka, ka buga powercfg /batteryreport ɗin da Malama ta koya maka tun kana shagon. Full charge capacity ya kusanci Design capacity. Amma lambar kaɗai ba ta isa ba, akwai batiran da ke faɗin abin da ba su da shi. Ka zare caja ka kunna bidiyo, ka zauna rabin awa kana kallon yadda yake sauka. In ya yi tsalle daga 80 zuwa 50, ka mayar musu. Ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da shi, a rubuta a rasit.

Tsohon kuma kada ka jefa shi a bola inda ake cinna wuta, kada yara su same shi su fasa. Ka bar wa masu shagon. In ka dawo ka turo mana lambobin sabon mu gani.